Ban Tambayi Dokta Ladan Takardunsa Ba

Ƙofar Taramniya, Sakkwato.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya. Allah Ya sa ka shiga ɗakinka na Arkilla da ƙafar dama, Ya yi albarka a sabon aikin da ka samu, Ya tsare ka a hanyar ofis tafiya da dawowa, musamman daga masu keken nan da ke gudu kamar an biyo su.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa. Arkilla ba wata uwa duniya ba ce, keke ɗaya ke kai mutum, ga kuma waya a aljihun kowa. Amma ka san gidanmu. Kai ne ɗan fari, sunan mahaifina gare ka, tun kana goye ban taɓa zaunar da kai mun yi doguwar magana ido da ido ba. Abin da ke cikina kuwa ya fi ƙarfin a faɗe shi a zaure tsakanin gaisuwa da tashi. Ka daure ka karanta har ƙasa, kada ka yi mata irin karatun da kake yi wa saƙon waya, ka leƙa kai ka leƙa gindi ka ce ka gane.

Ranar da aka kwashe kayanka, Goggonka Nana ta share ɗakin da ka bari. Ta fito da kwalabe a hannu ta tsaya a kaina tana cewa, "Yaya, ɗan nan naka olsa ag gare shi. Ga kwalaben farin magani nan har ukku ƙarƙashin gado, dut ya shanye." Na ce mata na ji. Ban gaya mata cewa na riga ta gani ba. Wata biyu ke nan ina kallon kwanonka yana dawowa da rabin tuwo, ina kallon yadda kake dafe gefen dama, ƙarƙashin haƙarƙari, in za ka miƙe daga sallah. Kana tsammanin ba wanda ya lura. Gabana faɗuwa yake yi duk lokacin da na gani, domin haka Innarku ta fara.

Kana makaranta a wani gari lokacin, ba ka ga farkon abin ba, ƙarshensa ma labari aka ba ka. Ta fara da rashin cin abinci da kasala, sai ta ce gefenta ya yi mata nauyi. Ni kuma da bakin nan nawa na raɗa wa ciwon suna. Na ce olsa ce, ta rage yaji, ta daina azumin nafila. Ban taɓa karanta ko shafi ɗaya na likitanci ba, amma na yanke hukunci ina zaune a kan buzu, ita kuma ta karɓa domin ni na faɗa. Na riƙa aikawa kemis ana sayo farin maganin nan irin naka. Da bai yi ba, wani manomi da ke kula da gonarmu ta Dundaye ya kawo sassaƙe a buhu, muka jiƙa, ta sha har haƙoranta suka canza launi. Kusan shekara guda muka ci a haka.

Abba, kada ka raɗa wa ciwonka suna da kanka, kada ka bar mai kemis ya raɗa masa. A garin nan duk abin da ya motsa tsakanin ƙirji da mara olsa muke ce masa, alhali akwai tumbi a wurin, akwai hanji, akwai hanta, akwai matsarmama, kowanne da irin cutarsa. Akwai likitan da ya ƙare karatunsa kacokan a kan waɗannan. Sunan fannin da Turanci ya fi ƙarfin harshena, amma in ka je babban asibiti ka ce likitan ciki da hanta kake nema, ko ka ce gastiro, za a nuna maka ƙofa. Shi nake so ka nema, a nan cikin gari, kusa da kai, inda za ka iya komawa duk ranar da ya ce ka koma.

Kuskurena na biyu shi ne wanda ya fi ci mini rai, kuma ka san mutumin. Dokta Ladan, mai kemis ɗin nan na bayan masallacinmu, wanda ya sa gadaje uku a ɗakin baya. Ya yi shekaru yana aiki a wani asibitin gwamnati kafin ya buɗe nasa. Farar riga gare shi, da abin sauraren ƙirji rataye a wuya, ga takardu a cikin gilashi jere a bango. Sahun farko yake sallah. Mahaifinsa a gaban mahaifina ya yi karatu. Kowa Dokta yake ce masa, ni ma na bi sahu.

Da jikin Innarku ya ƙi, wurinsa na kai ta. Ya danna cikinta sau biyu ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai wagga ƙaramar magana ta. Olsa ta, da ɗan taihot. Kwana bakwai na allura, sai ta tashi ta tuƙa maka tuwo." Wallahi daɗi na ji, domin ya faɗi abin da na riga na faɗa. Kwana bakwai suka zama wata bakwai. Allura, ƙarin ruwa, ƙwayoyin kashe zafi a ƙulle cikin leda ba suna. Idanunta suka yi rawaya, ya ce shawara ce, za ta wuce. Cikinta ya kumbura har ba ta iya ɗaura zani, ya soka mata allura a gefe ya tatsi ruwa ya cika roba. Ta sami numfashi na kwana biyu, mu kuma muka dawo gida muna sa masa albarka.

Ga abin da nake so ka tsaya ka duba. Kai shaida ne a kan yadda muke yi a zauren nan tun zamanin kakanka. In baƙon malami ya zo yana neman a ba shi wuri ya karantar, ba ma duban girman rawaninsa. Tambayarsa muke yi: wa ya karantar da kai? A gaban wa ka sauke littafi kaza? Shi kuma wa ya karantar da shi? Wa ya ba ka izini? Ba wanda ya taɓa cewa wannan cin fuska ne. Na taɓa sallamar wani mai zaƙin murya daga zauren nan, kana yaro, domin ya kasa faɗin malaminsa, na kuma yi ta alfahari da hakan. To ni ɗin nan, da ba na yarda a koya wa ɗan maƙwabci alwala ba tare da na san asalin mai koyarwar ba, ni na ɗauki matar da muka yi shekara ashirin da shida tare na miƙa cikinta ga mutum ban yi masa tambaya ko ɗaya ba.

Ita ta tambaya. Wata rana muna dawowa a keke, ta jingina da ƙarfe don ba ta iya zama daidai, ta ce, "Malam, shin wanga mutum likitan mi na? Ni dai ban ga ina samun sauƙi ba." Na harare ta na ce, "Ke dai ki yi ta addu'a. Ɗan gida na. In ce ya nuna min takarda, ai na zage shi na zagi uban nai." Ba ta sake tambaya ba. Ka san halinta, in na ɗaga murya sai ta sauke tata.

Takardun bangon nan kuwa, na zauna a ƙarƙashinsu ya fi sau talatin, ban taɓa miƙewa na karanta ba, don kada ya ga kamar ina tuhumarsa. Sai bayan komai ya wuce na shiga da sunan sayen maganin mura na ɗaga kai. Ɗaya shaidar halartar bita ce ta kwana uku. Ɗaya ta yabo ce daga ƙungiyar matasan unguwa. Ta ukun hotonsa ne yana gaisawa da wani babban mutum. Aikin da ya yi a asibiti ashe wanke ciwo ne da tura marasa lafiya a keken guragu. Aiki ne mai lada, ban raina shi ba, amma ba ya mayar da mutum likita.

Don haka ka yi wa likita irin tambayar da muke yi wa malami. Ka nemi cikakken sunansa da lambar rajistarsa. Akwai hukumar da ke ba likitoci lasisi, tana da jerin sunayensu, kuma lasisin nan duk shekara ake sabunta shi, saboda haka na bana za ka nema, kada a nuna maka wanda ya yi ja don tsufa. Kai da ba ka ajiye waya ko wurin cin abinci, yau ga ranarta, ka bincika. In ka tabbatar likita ne, da sauran tambaya, domin gama makarantar likitanci daban, ƙwarewa a kan ciki da hanta daban. A ina ya ƙware, a hannun su wa, ina shaidar? Yana da ranar ganin marasa lafiya a babban asibiti? In a asibitin kuɗi ka same shi, ka taka zuwa babban asibitin ka tambayi ma'aikatan jinya na sashen ko sun san shi. Su ba su ɓoye irin wannan. In an ce za a zura maka na'urar nan mai kyamara ta baki a leƙa ciki, ka ji ko shi zai yi da hannunsa, da yadda suke wanke ta tsakanin mutum da mutum.

Za ka ji nauyi, na sani, jinina ne a jikinka. Ka yi sallama, ka gaishe shi da ladabi, sannan ka tambaya. Na gwada daga baya a kan wani likita da ke duba hawan jinina, ina jiran ya haɗe rai, sai ya juya ya ciro takardar daga aljihun tebur ya miƙo mini yana ci gaba da rubutunsa. Wanda ya ɓata fuska ya ce ba ka yarda da shi ba ne, ko ya fara ba ka labarin gidan da ya fito, ka ɗauki takalmanka ka fita. Ko da a sahu ɗaya kuke sallah, ko da ni na aike ka wurinsa.

Sai maganar inshorar lafiya, wadda Goggonka ta ce an ba ku fom ɗinta a ofis kana ta yawo da shi a jaka. Ni ma an ba ni irinsa lokacin ina ma'aikata. Wurin da aka ce a zaɓi asibiti, na leƙa na abokin teburina na kwafa, ban san ko ina asibitin yake ba. Na rubuta sunan Innarku, amma aka ce sai an kawo ta an ɗauki hotonta da zanen yatsa. Na ce matan gidanmu ba su bin layi a tsakar ma'aikata ana haska musu fuska a gaban maza. Na ce zan nemi ranar da ba cunkoso. Ranar ba ta zo ba, domin ban neme ta ba. Katina na karɓa na sa a aljihu, duk wata ana cire abin da ake cirewa a albashina, ina ganin iyalina duk suna cikin inshorar.

Wata safiya, bayan ta kurɓi kunu, ta yi aman jini a bakin ƙofar ɗakinta. Ladan da aka kira ya leƙo daga nesa ya ce wannan kam sai babban asibiti, ya juya. A can suka karɓe ta da gaggawa, suka tsayar da jinin, suka ce ana bukatar gwaje-gwaje da leƙen ciki da kyamara. Na nufi teburin inshora ina taƙama da katina. Matar da ke wurin ta duba ta sake dubawa ta ce, "Baba, sunanka na nan, amma nata babu. Ba a ɗauke ta ba. Ko yau anka sa ta, sai an jira watanni kahin shi hwara aiki. Kuma ko da tana ciki, sai ka zo da takardar turawa daga asibitin da ka zaɓa, da lambar izini daga kamfanin inshora." Na daka mata tsawa, na lissafa mata shekarun da na yi ina bauta wa gwamnati. Ta bar ni na gama, ta ce, "Ka yi haƙuri Baba, ba ni ad da abin ba." Gaskiyarta. Kwana tara Innarku ta yi a kwance tana jiran gwajin nan, ni ina zirga-zirga tsakanin Dundaye da gari ina neman wanda zai sayi gona.

Kada ka cika fom ɗin nan a kan teburin ofis. Ka je da ƙafarka asibitin da kake son zaɓa, tun kana iya tafiya da kanka. Ka tambaye su ko suna karɓar katin kamfanin da ofishinku ke hulɗa da shi. Ka tambaye su, in ana bukatar likitan ciki da hanta, ina suke tura mutum, sannan ka je can ɗin ka ji ko su ma suna karɓa, domin wani likitan yana karɓar kati a asibitin gwamnati da safe, da yamma a nasa wurin bai san zancen ba. Ka bi abubuwan ɗaya bayan ɗaya: ganin likita, gwajin jini, hoton ciki, kyamara, magani. Wanne ke ciki, wanne za ka biya da kanka? Ka rubuta sunan wanda ya ba ka amsa da ranar. In an ɗauki hotonka, ka koma bayan lokaci ka ga sunanka a jerinsu da idonka. Ranar da Allah Ya ba ka mata kuwa, ka kai ta layin da kanka ka riƙe mata jaka. Amma ka ji wannan da kyau: in suka ce sai ka jira watanni, gwajin jini ba zai jira ba. Ka aiko in biya.

Likitar da ta duba Innarku a ƙarshe mace ce, ƙaramar halitta, ba ta kai Goggonka shekaru ba. Da sakamako ya fito ta kira ni ofishinta ta rufe ƙofa. Ta ce, "Malam, wa yad duba ta can baya?" Na faɗa mata, har da ƙarin cewa ɗan mutunci ne. Ta nemi cikakken sunansa, ta danna na'urarta, ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Wanga suna babu shi cikin likitoci." Na zube mata ledar magungunan a tebur, ta riƙa ɗaga su ɗaya ɗaya tana ajiyewa gefe, sai ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce ba olsa ba ce, ba ta taɓa zama olsa ba. Ciwon hanta ne, irin wanda ƙwayar cuta ke kawowa ta zauna a jini shekara da shekaru ba a sani ba. Hantar ta riga ta ƙanƙance ta taurare, ƙwayoyin Ladan da jiƙe-jiƙen kuma sun ƙara mata wahala. Na ce yanzu mene ne abin yi? Ta ce za su yi iyakar ƙoƙarinsu ta ji sauƙi. Na gane abin da take nufi.

Sati biyar ta ƙara. Ta cika ranar wata Talata bayan la'asar, kana ɗakin jarrabawa. Ajali ba ya wuce lokacinsa, na yi imani da wannan, na kuma karantar da shi shekara talatin. Amma na san bambancin abin da Allah Ya hukunta da abin da za a tambaye ni a kansa. Ladan ya zo ta'aziyya ya zauna kusa da ni, na ba shi hannu, na amsa addu'arsa. Ban kai ƙararsa ko'ina ba, don kada a ce gidan malamai sun tona asirin ɗan almajirinsu. Har gobe gadajen nan uku ba su rabuwa da mutane. Takardar shaidar lafiya da ka kai ofis ma, ni da kai mun san inda aka buga mata hatimi, mun kuma san ba a ɗebi ko ɗigon jininka ba.

Yanzu saura abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Na yi ta kewaye-kewaye ne don hannuna ya ƙi zuwa wurin.

A ranar nan, kafin in fita daga ofishinta, likitar ta tsayar da ni. Ta ce, "Ɗiyanta nawa?" Na ce biyu, kai da ƙanwarka Hadiza. Ta ce, "Ka kawo min su dut, da kai kanka, a gwada jininku. Wagga cuta uwa na ba ɗa ita wurin haihuwa. Wanda anka samu da ita da wuri, akwai maganin da ka riƙe ta, shi yi rayuwa tai. Wanda ba shi da ita a yi mai rigakahi. Malam, kada ka yi wasa da wagga magana." Har ta rubuta mini a takarda. Na ce in Allah Ya yarda.

Ni na je a ɓoye aka gwada ni, ba a sami komai ba. Ku ban kai ku ba. Lokacin an sa ranar auren Hadiza, na ji tsoron in maganar ta fita dangin mijin su janye, a daina cin abinci kwano ɗaya da 'ya'yana, a riƙa nuna gidanmu da baki. Na ce bari a gama biki. Aka gama, na ce bari ka gama makaranta. Da kuka tambaye ni abin da ya kashe Innarku na ce ciwon ciki ne. Na dube ku lafiya lau kuna ta harkokinku, na ce wa raina ƙila Allah Ya tsallakar da ku. Shekara shida takardar nan tana cikin littafin da nake buɗewa kullum.

Ranar Litinin da ta wuce Hadiza ta kira ni daga wurin awon ciki. Ta ce, "Baba, an gwada jinina an ce ina da ciwon hanta. Sun ce in tambaya, akwai wanda yat taɓa yin shi gidanmu?" Abba, na ce mata ban sani ba. Da girmana, da furfurata, carbi na hannuna, na ce wa 'yata ban sani ba.

Gobe da safe zan je gidanta in faɗa mata gaskiya a gaban mijinta, in raka ta wurin likitar, domin an ce akwai abin da ake yi wa jariri ranar da aka haife shi ya tsira. Kai kuma ga takardar nan na sa maka a cikin ambulan, ta yi laushi don ninki amma rubutun yana karantuwa. Ƙila abin da ke damun gefenka ba shi ba ne. Ina roƙon Allah Ya sa ba shi ba ne. Amma na gama yi wa ciwo fatawa.

Ban ce ka yafe mini yanzu ba. In ka ji haushina, ka ji, ka isa. Abu ɗaya nake nema, kuma umarni ne na uba, in har ina da sauran bakin ba da shi: kada ka zo gaishe ni ranar Juma'a sai da sakamakon gwajin jininka a hannu. In ka zo babu shi, ba zan fito ba.

Allah Ya tsare mini kai a inda idona ba ya kaiwa. Ya haɗa ka da likitan gaskiya, Ya sa a tarar da abin da sauƙi, Ya ba Hadiza lafiya Ya sauke ta lafiya. Allah Ya jiƙan Innarku, Ya haskaka makwancinta, Ya sa ku ne za ku binne ni.

Wassalam.

Mahaifinka.